Rokar Kwali da Rumfar Baba

Agiye, Lahadi 21 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Ashiru, a Monreyal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Farida da ɗiyata Zalika. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya yi wa aikinka albarka, ya raya mana yarinyar nan bisa tafarkin addini. Mu nan sai godiya, ban da zafi ba abin da ke damun gari. Kai kana kukan sanyi ya ƙi sakin ku, mu kuwa ruwan randa ma sai an bar shi ya huce kafin a sha. An yi ƙaramar sallah lafiya, mutane sun fara sharar gona da kai taki. Maigidana Sulaimanu yana can Gidan Rumji, aikin ofis ya riƙe shi a buro, sai bayan mako biyu yake leƙo mu. A'isha da Fati suna can lakol suna karatu, kullum sai sun tambaye ni yaushe kawunsu zai zo.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Sau uku ina ɗaukar waya in yi maka saƙon murya, sai in kasa, in ajiye ta. Shi ya sa na yago takardu daga littafin da nake shirya darasi, in na gama in ɗauki hotonsu in tura maka. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, ba irin karatun da ka saba yi wa saƙonnina ba, ka ga layin farko ka aiko mini da hoton babban yatsa. Maganar Baba ce, da rumfarsa ta kasuwa, da rokar nan da ka aiko.

Wata shida ke nan tun da ciwon ya kama shi ana tsakar ɗaurin dammunan gero, ɓarin hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, bakin ma ya miƙe ras. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗaga shi, amma yatsun ba su damƙar komai. Likitan da ya duba shi a Maradi ya ba shi 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, shi kuwa ya ce shi ba jinjiri ba ne, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Abin da ba ka gani a waya shi ne yadda yake wuni. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa daga hantsi har la'asar, yana kallon kaji. Mutane suna biyo shi har gida da rediyo da tocila da agogo, tunda shekara arba'in da ɗoriya ba su san wani mai gyara ba sai shi, amma ko karɓa ba ya yi, sai ya ce a gaya musu mai gyaran ya yi tafiya. Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gado tun ranar da aka ɗauko shi daga kasuwa. Cikin azumi ka kira shi, ka ce ya huta haka nan, ya bar wa Ɗanbaba ɗan Bappa rumfar ya riƙa cajin waya a ciki, Baba ya ce to. Aka tsayar da cewa ranar ɗaya ga watan gobe Ɗanbaba zai shiga. Ni ma a lokacin ban musa ba, don na ɗauka gaskiya ka faɗa.

Kwana biyu bayan idi abokinka Abdulmumini ya kawo kwalin da ka ba shi. Allah ya saka da alheri, don na gaji da zana roka a allo ina cewa 'yan ajina su ƙaddara suna ganin ta. Tunda kullum daga lakol gidan Baba nake wucewa, can na kai shi. Gwaggo Laraba, wadda ta baro Gangara ta tare a gidan tun da ciwon ya same shi, tana jin kalmar roka ta saki salati, ta ce in fitar da abin nan kafin jandarma su ji labari. Sai da na zazzage mata komai a tabarma. Dogon bututun kwali ne, da ɗan kan roba mai tsini, da fikafikai na katako marar nauyi, da 'yar laima ta leda. Na gaya mata babu inji a ciki, don jirgi ba ya ɗaukar sa saboda albarushin da ke cikinsa, kuma daraktanmu ya ga takardar bayanin da ke cikin kwalin ya amince a nuna wa yara. Ta jujjuya bututun ta ce in dai kwali ne, me ya sa aka laƙaba masa suna mai tayar da hankalin tsofaffi.

Takardar bayani ta ce a fara da mazaunin inji, wato wurin da injin zai zauna a gindin rokar. Ƙaramin bututu ne, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Zobba biyu na kwali mai kauri suke riƙe shi a tsakiyar babban bututun, akwai siririyar ƙugiya ta ƙarfe da ke hana injin zamewa ta baya, da wani ɗan zobe da ake mannawa a ciki don kada ya kutsa gaba. Duk ƙarfin tashi a nan yake sauka, in ya karkace rokar ma ta karkace. Ranar Asabar ta wancan mako na shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro na zauna da reza, zan tsaga 'yar kafar da bakin ƙugiyar zai shiga. Baba yana bakin ƙofarsa kamar kullum. Ban kai ga tsagawa ba na ji ya yi gyaran murya. Na ɗaga reza, ya sake yi. Can ya ce wa Gwaggo ta gaya wa 'yarta ba a riƙe reza kamar za a yanka kuɓewa.

Kai ba za ka san nauyin wannan ba, Ashiru, don kai na biyu aka haifa, a wuyansa ka girma, kana jan gemunsa yana dariya. Ni 'yar fari ce. Tun yaye aka miƙa ni ga Gwaggo, kuma shekarata talatin da shida Baba bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa duban idona ya gaya mini magana kai tsaye ba. Ni ce 'yar Gwaggo, ko waccan yarinyar. Ban taɓa ɗaukar sa ƙiyayya ba, haka ya tarar iyayensa suna yi, kuma na san wanda ya sayar da tumakinsa biyu ya sa ni makarantar malanta ba maƙiyina ba ne. Amma dai haka muka rayu, in yana da magana sai ta bi ta bakin wani. To, ran nan Gwaggo ta jawo kujerarta ta zauna tsakaninmu tana ɓarar gyaɗa. Baba ya faɗa mata, ta juyo ta faɗa mini, alhali tsakanina da shi bai fi taki uku ba, kuma kunnena ƙalau. Wani lokaci har ƙari take yi nata na kanta, shi ya ce a matsa kaɗan, ita ta ce wai in ji shi ba ni da natsuwa tun ina ƙarama.

Kafin azahar ya sauko tabarmar da kansa. Ya ce wa Gwaggo a ajiye ma'aunin nan na lakol, ya ɗauki fensir da hannun dama ya ɗiga alama uku a jikin bututun ina riƙe masa. Da na faki idonsa na auna, ko milimita ɗaya bai kauce wa abin da takarda ta faɗa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shi ya tsaga kafar, ya sa bakin ƙugiyar, ya zura zoben baya yana lura da ɗan gurbin da aka yanke masa don ƙugiyar ta samu wurin lanƙwasawa. Ni aikina riƙewa kawai, in juya in an yi gyaran murya sau ɗaya, in tsaya cak in an yi sau biyu ko da ƙarfi. Washegari Lahadi muka manna zoben gaba da ɗan zoben ciki, ya bi gefunansu da farin gam yana shafewa da ɗan yatsa, sumul. Na sa Gwaggo ta gaya masa kada ya wahalar da kansa, tunda ba inji, rokar ba tashi za ta yi ba, ado ce kawai ta aji. Ya ce a gaya wa mai maganar ba a yi wa aiki haka, abin da aka yi wa mazaunin inji a yi shi kamar gobe injin zai iso. Ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, Gwaggo ta yi ta zungurina da gwiwar hannu.

Ranar Litinin aka zo mataki na ƙarshe, shi ne a zura mazaunin cikin babban bututu. Takardar ta ja kunne da manyan baƙaƙe cewa in an shafa gam a ciki, a tura shi tashi ɗaya har bakinsa ya yi daidai da bakin bututun, kada a tsaya a hanya, don gam ɗin yana kamawa nan take. Masu rubutun ma a ƙasarku ta sanyi suke, ba su san ranar Agiye ta watan huɗu ba. Ni na taso daga lakol da ɗokina, rana tana tsaka, ban bari ta yi sanyi ba. Baba ya shafa gam da tsinke, ya tokare babban bututun a gwiwarsa da hannun dama, ya runtse ido ɗaya yana saiti, ni kuma na kama turawa. Daidai lokacin akuyar maƙwabta ta tsoma kai cikin ƙwaryar gyaɗa, Gwaggo ta tashi ta bi ta da muciya. Na kai rabi na ji ya ɗan yi tauri, sai Baba ya yi gyaran murya da ƙarfi. Kwana biyu ke nan duk gyaran murya mai ƙarfi tsaya yake nufi, sai na tsaya. Ashe so yake in ƙara ƙarfi. Na dube shi, ya kau da kai yana neman Gwaggo da ido, bakinsa yana motsi, maganar tana nan amma babu wanda zai ba ta. Kafin ta dawo tana haki gam ya kama. Mazaunin ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, ba gaba ba baya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini ciwo. Baba ya manta, ya ɗago hannun hagu zai kama ya murɗa kamar yadda ya saba, yatsun suka sauka a kan kwalin suka zame. Ya sake gwadawa suka sake zamewa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ajiye bututun a hankali, ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki ya saki labule. Da Gwaggo ta kai masa fura ya ce mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaron nan Ashiru ya fi shi gaskiya, in Ɗanbaba yana so ya shiga rumfar tun yau ma ya shiga. Na roƙe ta ta gaya masa laifina ne, ni na tsaya. Ya ce a'a, da yana da hannu biyu da bai nemi na kowa ba. Talata, Laraba, Alhamis, bai fito ko bakin ƙofa ba, salla ma a ɗaki, abinci kuwa sai a fito da shi yadda aka shiga da shi. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a lakol, na kulle kaina a ɗakin ajiyar littattafai na yi mai isata. Na ji haushin kaina, na ji haushin gam, har kai na ji haushinka da ka aiko da abin, ka yafe mini.

Ka san Gwaggo, ita ce babbar yayarsa, ita kaɗai ke iya faɗa masa abin da ta ga dama. Ranar Juma'a da safe na biya kafin in wuce aiki, na tarar ta ɗaure kayanta a zane. Ta tsaya bakin labulensa tana magana yadda har maƙwabta za su ji. Ta ce ta goya yarinyar nan a bayanta, ta aurar da ita, kuma shekara talatin da shida tana jigilar magana tsakanin uba da 'yarsa, ko da suna numfashi a tsakar gida ɗaya, yanzu ƙafafunta sun gaji. Ta ce ita tana wurin ta ga komai, ran Litinin ba hannunsa ne ya shanye ba, bakinsa ne. Ta ce kunya abu ne mai kyau, su ma da ita suka tashi, amma wadda za ta kwantar da dattijo a ɗaki ya ƙi cin abinci ta wuce gona da iri. Za ta Gangara ta duba awakinta ta ci kasuwa, sai ran da ta ga damar dawowa. Ta ɗauki kayanta ta fita. Na raka ta tasha ina roƙon ta kada ta bar ni ni kaɗai da shi, ta shiga mota ta ce in sakar mata zane.

Jiya Asabar na isa gidan da hantsi. Ina shiga na ga tabarma a shimfiɗe gindin dogon yaro, Baba yana zaune a kai, akwatin kayan aikinsa a buɗe a gabansa, an goge masa ƙura. Ban san yadda ya jawo shi daga ƙarƙashin gado da hannu ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Ga butar shayi a kan murhun gawayi tana tururi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon butar. Ga shi ba Gwaggo. Can ya dubi reshen dogon yaro ya ce a riƙe bututun nan a kan bakin buta, a riƙa juyawa, kada a bari ya jiƙe. Haka ya samo hanyarsa, ba da ni yake ba, da iska yake, a riƙe, a miƙo, a saki. Tururin ya sassauta gam ɗin kaɗan-kaɗan, ya sa ɗan ƙaramin filaya ya kama bakin mazaunin yana murɗawa ina riƙe da babban bututu, har ya fito. Babban bututun ya tsira, ƙugiya da ƙaramin bututu ma lafiya, amma zoben gaba ya yage gida biyu, kuma cikin kwalin naka ba su sa na canji ba.

Na ɗauka shi ke nan. Shi kuwa sai ya ce a shiga ɗaki a ɗauko kwalayen maganin hawan jini da suka ƙare, suna kan taga. Na zana da'ira uku da kompa na lakol, na danne masa kwalin, ya bi zanen da wata 'yar wuƙa da yake kankare waya da ita, ya manna ukun wuri guda, ya ɗora musu dutsen guga har suka bushe suka yi tauri. Ya goge gefen zoben da takarda mai yashi, ya manna shi a gurbin wancan. Daga nan ya yi abin da takardarku ba ta faɗa ba. Ya sa aka zura mazaunin a bushe, ba gam, sau uku, yana ƙara goge inda ya cije, sai da ya shiga ya fita ba gardama. Ya ɗiga ruwa kaɗan a gam ɗin ya dama da tsinke, ya ce a jira la'asar ta yi sanyi. Tsakanin nan na dafa shinkafa da wake, ya ci. Ina lura da shi yana ɗora hannun hagun a kan kayan yana danne su da nauyinsa, tunda yatsu sun ƙi, kuma bai ɓoye shi cikin riga ba yadda ya saba yi in da mutum a wurin.

Bayan la'asar inuwa ta rufe tsakar gida. Ya shafa gam, ya tokare bututun a gwiwa, ya ce a bisimilla. Na fara turawa, yana tafiya sumul, sai da na kai daidai inda ya tsaya ran Litinin na ji ya ɗan cije. Wallahi Ashiru na san abin da ya kamata in yi, ni na karanta takardar, ni nake koyar da kimiyya, amma tsoro ya kama ni, hannuna ya tsaya da kansa. Ina jin gam ɗin yana kamawa a ƙarƙashin yatsuna. Sai na ji Baba ya ce, da muryar nan tasa ta kasuwa wadda rabon da mu ji ta tun kafin ciwo, “Lubabatu, tura!” Ban san lokacin da na tura ba. Mazaunin ya shige har ƙarshe, bakinsa ya yi daidai da bakin bututun, ƙugiyar ta leƙo waje yadda aka zana a takarda.

Ba wanda ya dubi wani. Ni na sunkuyar da kai ina goge gam a yatsuna da bakin zane, na goge har ba abin gogewa, don hawaye suna zuba kuma ba na so ya gani. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinsa ba. Ashe ja yake yi a tsakiya, kamar yadda marigayiya Inna take yi, Allah ya ji ƙanta. Shi kuma ya ɗaga bututun ya leƙa ta ciki da ido ɗaya, ya juya shi, ya taɓa ƙugiyar da farce ta lanƙwasa ta dawo. Ya ce ya zauna. Sannan ya koma wa iskarsa, ya ce a kwashe kaya, amma a bar akwatin a nan waje. Da aka kira magariba ya ɗauki sanda ya tafi masallaci da ƙafarsa. Yau da safe ina share tsakar gida na ji yana gaya wa dogon yaro cewa akwai wani ɗan matsi na ƙarfe da masu gyaran agogo suke ɗaurewa a bakin tebur, yana riƙe abu gam, wanda ya samu irinsa ba ruwansa da hannun hagu. Can ya ce amma ina amfani, ya riga ya ce wa yaro to, kuma magana zarar bunu ce.

Ga dalilin takardata. Ka san Baba, ko zai mutu a bakin ƙofar nan ba zai janye abin da ya amsa maka ba, kuma ba zai buɗe baki ya roƙe ka ba. Kai ka ɗaure, kai kaɗai za ka kwance. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Kai a gadon asibiti ka gan shi ta waya, baki a karkace, kana nesa ba abin da za ka iya, sai ka nema masa hutu don kana son sa. Ni da nake kusa ma haka na zata. Amma na ga hutun da idona wata shida, cin sa yake yi, kuma na ga abin da kwana uku na aiki suka yi masa. Ba na ce zai koma kamar da ba, wataƙila rediyo ɗaya zai gyara a wuni, wataƙila hannun ba zai taɓa damƙa ba. Ko da zama kawai zai yi a rumfar, mutane suna tsayawa suna ce masa Mai Rediyo an fito, ya fi masa kallon kaji. Batun Ɗanbaba ka bar mini, yaron kirki ne, na san yadda zan yi da shi da Bappa ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Matsin nan kuma, in ana samun sa a can, ka ba Abdulmumini ko wani mai tahowa, in babu zan sa Sulaimanu ya duba a Maradi.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Ka kira shi kafin nan, da safe bayan ya karya, lokacin ya fi sakin jiki. Kada ka ce na rubuto maka. Ka tambaye shi labarin rokar, ka bar shi ya ba ka da kansa, zai gaya maka Turawanku ba su iya yanka zobe ba. In ya gama, ka ce ka sake tunani, kana roƙon sa ya riƙe rumfarsa, don ba ka ga wanda zai iya zaman ta ba sai shi. Ka sa abin ya zama kai ne kake neman alfarma. Abin da ya fito daga bakinsa jiya kuwa ban gaya wa kowa ba, ko Gwaggo, ko Sulaimanu, kai ma ka riƙe shi a cikinka. In ya san an sani, kunya za ta mayar da shi ɗaki, kuma ban san abin da zai sake fito da shi ba.

Ka gaishe mini da Farida da kyau, ka ce na ga zanen da ta aiko, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Zalika, ka riƙa yi mata Hausa a gida kada ta zo tana kallon mu. Sulaimanu yana gaishe ka, A'isha da Fati suna gaishe ka, Bappa da mutanen gidansa duk suna gaisuwa. Gwaggo na san da tana nan da ta ce in gaya maka ka rage ƙiba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ka kira shi a sa'a.

Ina sauraron wayarka a gidan nan.

Yayarka,
Lubabatu